Kwana huɗu a Amstadam ni kaɗai: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Jamus, na samu hutun kwana huɗu a watan Yuni, kuma raina ya biya Amstadam da ƙauyukan da ke kewaye. Ban taɓa tafiya ni kaɗai ba, mahaifiyata ma sai da na yi ta rarrashi kafin ta yarda. Damuwata masallaci, abincin halal, da wane ƙauye zan je in dawo kafin dare. Wanda ya san garin ya taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara shida ina nan. Abin da zai fi ba ki wahala kekuna ne. Duk inda kika ga shimfiɗar hanya ja, ta masu keke ce, kada ki tsaya a kai ɗaukar hoto. Gudu suke, ƙararrawa kawai za ki ji a bayanki. Na biyu, shagon da aka rubuta "coffeeshop" wiwi ake sayarwa a ciki, kada ki shiga neman shayi. Masallacin Fatih yana titin Rozengracht, da can coci ne, 'yan mintuna da ƙafa daga gidan Anne Frank, gidan tarihi na yarinyar nan Bayahudiya da ta ɓuya a cikinsa lokacin yaƙin duniya na biyu. Gidan kuwa ta intanet kaɗai ake sayen tikitinsa, yana ƙarewa tun da makonni.

Amsa ta biyu:
Ki je Zaanse Schans, ƙauyen tsoffin injinan iska. Jirgin ƙasa daga babbar tasha bai kai minti 20 ba, sai ki taka kamar kwatan awa. Tun a hanya ƙamshin koko zai tare ki, don masana'antunsa na nan, kuma yawancinsa daga Afirka ta Yamma ake kawo shi. Ni da na taso a Kumasi sai da hawaye ya zo min. Ki isa da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido. Injinan iskar nan har yanzu wasu na aiki, ki hau ɗaya ki ji yadda katakon ke rawa ƙarƙashin ƙafarki.

Amsa ta uku:
Ni dai Zaanse Schans cunkosonsa ya yi min yawa. Broek in Waterland ya fi min: bas daga tasha, gidajen katako, shanu, tsit kake ji. Giethoorn ki bar shi, sama da awa biyu ne zuwa kaɗai. Abinci ki nufi titin Javastraat, Turkawa da 'yan Maroko sun cika wurin. Ki riƙe katin banki, wasu shaguna ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya, maganar dawowa kafin dare fa?

Amsa ta farko:
A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma, kina da lokaci. Da yamma ki hau jirgin fiton da ke bayan tasha, kyauta ne, ki kira Mama ta bidiyo ta ga ruwan.