Dajin da kuka sani da ya canza, ina namun suka koma kiwo?

Ɗan Maharba:
Salam 'yan uwa. Akwai wani kurmi da nake shiga tun ina bin babana, yanzu an sassare shi ya zama tsibi-tsibi, nan bishiyoyi can gona can kuma wasu 'yan bishiyoyin. Gada dai bata ƙare ba amma ta daina fitowa da rana kwata-kwata, sai dai da safe kaga sawunta a bakin gona, kuma sawun baya nisa da duhuwa, ta ɗan tsinki ganye ta koma. Zomo kuwa ƙaruwa ma yayi. Wanda yaga irin haka a wajensu ya bamu labari.

Mai Amya:
Wa'alaikumus salam yallaɓai. Ni a wajen ƙudan zuma na gani. Da bishiyoyi masu fure na kusa da amyoyina, tun da aka sare su zuman ya ragu sosai alhali ƙudan suna nan da yawansu, tafiyar ce tayi musu nisa, galibi a cikin kilomita 2 zuwa 3 suke kiwo kuma in ta kama suna wuce 10 ma, to amma abin da suka ɗebo da yawa a hanya suke ƙone shi. Da zafi kuma ruwa suke nema su sanyaya gidan, dana aje musu kasko da tsakuwa a ciki sai suka daina damun mutane a bakin rijiya.

Manomin Fadama:
Kai ni tawa ta fi ciwo wallahi. Ruwan wajenmu da yana zuwa ya tafi, da aka tare shi daga sama sai ya zama kwance shekara duka, ciyawar kachalla ta cinye ko'ina. To tsuntsun jan baki me yake so daya wuce wannan, ga wurin kwana a kan ruwa inda ba mai iya shiga, ga abin sha, ga gonaki a gefe. Asalin abincinsa fa 'ya'yan ciyawar daji ne, in suka yi ƙaranci shine yake faɗo mana, tsuntsun da nauyinsa wajen giram 20 ne kawai amma in garken ya taso sai kace hadari. Agwagin ruwa kuwa da suke son fili sun ja baya, masunta ma kuka suke jirgi baya ratsawa.

Malamar Bayoloji:
Baba Maharbi abin da ka gani a gadar nan shine gaba ɗaya zancen. Dabba bata lissafin abinci kaɗai, tana auna nisan dake tsakanin abincin da inda zata ɓuya in an biyo ta, shi yasa zaka ga ciyawa kore shar a tsakiyar fili ba'a taɓa ba, ta bakin duhuwa kuma an cinye ta ƙarƙaf. Zomo shi dama gefen gona da 'yan ƙananan sarƙaƙiya yake so, saran ya masa daɗi. A gandun Yellowstone na Amurka an maido da kyarketai a 1995, manyan barewin wurin suka ragu, kuma har yau masana na gardama kan ko tsoro ne ya canza musu wurin kiwo ko raguwar ce kawai tasa itatuwan bakin rafi suka farfaɗo a wasu wurare. A Serengeti ta Tanzaniya kuma ƙasar ce ke jan su, namun dajin da ake kira wildebeest sama da miliyan ɗaya suna sauka filayen kudu su haihu wajen watan Fabrairu, saboda tokar dutse mai aman wuta tasa gajeriyar ciyawar wurin ta ƙunshi sinadaran da mai shayarwa ke buƙata.

Makiyayi:
Malama gaskiya kika faɗa amma kin manta ruwa. Da rani duk kewayen mashaya tas yake ba ko tsinke, sai kayi tafiya mai nisa kafin kaga ciyawa, don kowa daga bakin ruwa yake fara ci. Balbela kuma ai mu take bi, ƙafar saniya na tada fara tana cafkewa, inda aka daina kiwo sai kaga ta koma bin tarakta ko juji.

Ɗan Maharba:
Haka ne, shirwa ma in an sa wa daji wuta kafin hayaƙi ya gama tashi ta iso. Amma burtu fa? shi ba komawa dare yayi ba, ɓacewa yayi ɗungurungum, ni ina zargin manyan bishiyoyi masu kogo da yake ƙwai a ciki ne aka ƙarar. Akwai wanda har yanzu yake ganinsa a wajensu, kuma wane irin daji ne?