Mil nawa ake ba yaro na amoksisilin? Ku faɗi yadda ta kasance a gidajenku

Wata uwa, Angwan Rogo:
Assalamu alaikum iyaye. Sanyin Jos na bana ya kama mini ɗana mai shekara biyu, ga tari ga numfashi sama-sama. A asibiti sai da aka ɗora shi a sikeli, kilo 12, kafin likita ta ce ciwon huhu ne. Ta rubuta amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mil 10 safe da yamma, kwana 5. Maƙwabciyata ta ce ya yi yawa, 'yarta sa'arsa ce amma mil 5 aka ba ta. Wallahi hankalina ya tashi. Akwai wadda ta taɓa ganin haka?

Ma'aikaciyar jinya, Rikkos:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ba shekaru ake bi ba, nauyi ake bi, sannan irin ciwon. A ciwon huhu, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kusan miligiram 40 a kowane kilo, sau biyu a rana. Kilo 12 ya ba da 480 ke nan, sai a cike shi 500. Idan kwalbarki mai miligiram 250 a kowane mil 5 ce, mil 10 daidai ne. Wataƙila 'yar maƙwabciyarki ba ta kai kilo 10 ba, ko kuma ciwonta daban. Abin da ke ci mini rai shi ne uwa ta rage magani don tausayi. Ciwon ba ya mutuwa, ƙwayoyin cutar kuma su saba da maganin.

Wani uba, Bukuru:
Anti ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni kwalba ce ta yaudare ni. An rubuta mana mai 250, a wani kemis aka miƙo mini mai 125, ban duba ba. Kwana biyu muna ba yarinya rabin abin da ya kamata, zazzaɓi ya ƙi sauka. Da muka koma asibiti, nas tana ɗaga kwalbar ta gano. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wata kaka, Gangare:
'Ya'yana, ku bar cokalin kicin. Na taɓa auna namu da sirinji, wani mil 3, wani ya haura 7. Sirinji marar allura nake amfani da shi ga jikokina, in zuba a gefen kumatu a hankali. A girgiza kwalba kowane lokaci.

Wata uwa, Farin Gada:
Ni kuskurena, nauyin da ke katin riga-kafi na faɗa, alhali awon ya yi wata takwas. Yaron ya ƙara kusan kilo 2. Yanzu sai an auna a gabana.

Ma'aikaciyar jinya:
Haka ne. Garin maganin kuma a haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, zuwa layin da ke jikin kwalba. Ragowa a zubar, kada a ajiye wa ƙaninsa. In ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura, a dakata a garzaya asibiti.

Uwar Angwan Rogo:
Na gode Anti, na gode Hajiya. Na duba, tawa mai 250 ce. Yau kwana uku, numfashin ya daidaita, har ya sha kunu da safe. Saura kwana biyu, kuma zan cika su in sha Allahu.