Neman shawara: Aikin makarantar yarana yana kai mu sha ɗayan dare

Maman Sadiq, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah iyaye da malaman da ke cikinmu ku ba ni shawara. Yarana biyu ne a makaranta, babban yana JSS 1, ƙanwarsa tana aji 3 na firamare. Ƙarfe 2 ake tashinsu, kafin mai keke ya gama sauke sauran yara ya iso da su, 3 ta kusa. Su ci abinci su watsa ruwa, ƙarfe 4 sai Islamiyya, ba sa dawowa sai dab da magariba. To asaimen ɗin boko sai bayan isha'i ake buɗe shi. Babban zai baje littattafai, ya fiƙe fensir, ya tashi neman rula, ya je shan ruwa, ya dawo, har sha ɗaya ta yi bai gama ba. Ƙaramar kuwa a kan littafin take kifa kai ta yi barci. In aka ɗauke wuta abin ya ƙara cakuɗewa, ga sanyin Jos na wannan lokaci, yatsunsu ko biro ba sa riƙewa da kyau. Da safe tashinsu sai an yi da gaske, ga hadda ita ma tana jira.

Babansu ya ce a ɗauko malamin lesin, ƙanwata kuma ta ce in riƙa rubuta wa ƙaramar nata kawai kowa ya huta. Duka biyun hankalina bai kwanta da su ba. Ku ya kuke yi a gidajenku?

Malamin lissafi, Nasarawa Gwong:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maganar rubuta mata ki ajiye ta gefe. Mu abin da ya sa muke ba da aikin gida shi ne mu gane inda yaro bai fahimta ba. In ya kawo mini amsa ba daidai ba da hannunsa, na san abin da zan maimaita gobe. In ya kawo komai tsaf da rubutun babba, sai in ɗauka an gane in wuce gaba, abin ba zai tonu ba sai ranar jarrabawa. Kuma Sadiq yana da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, a JSS 3, bayanta WAEC da NECO, babu wadda za a bar wani ya zauna kusa da shi.

Sannan ki duba yawan aikin da kansa. A Amurka akwai wani ma'auni da malamai da ƙungiyar iyaye suka daɗe suna amfani da shi: minti 10 ga kowane aji. Ɗan aji 1 minti 10, ɗan aji 3 minti 30, ɗan aji 6 awa guda. Da wannan lissafi ɗan JSS 1, da yake shekararsa ta bakwai ke nan a makaranta, minti 70 ne nasa. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke ya tattara bincike masu yawa a kan aikin gida a 2006, ya ga amfaninsa ya fi fitowa fili ga 'yan sakandare, ga ƙananan 'yan firamare kuwa kaɗan ne. Saboda haka hana yarinya 'yar aji 3 barci a kansa asara ce. In ta yi rabin awa tana aiki da gaske, ki ja layi inda ta tsaya, ki rubuta wa malamarta cewa nan ta iya kaiwa, ki sa hannu.

Shi kuma mai tashi neman rula, kada ki yi saurin cewa wasa ne. Sau da yawa yaron da ke zillewa haka akwai abin da ya gagare shi, yana jin nauyin faɗa. Ki zaunar da shi yau, ki ba shi tambaya ɗaya ya yi ta a bayyane yana faɗin abin da yake yi. Za ki ji daidai inda muryarsa ta tsaya.

Hajiya Kaka, Gangare:
'Yata, lokacin ne bai yi ba. Yaron da ya cika ciki da tuwo bayan isha'i ai barci yake bin sa bashi. Mu da muka yi makarantar allo da sanyin safiya ake biya karatu, kuma shi ne yake zama. Ki mayar da hadda bayan sallar asuba, ko minti 20 ne, a sa musu rigar sanyi da hula a ba su ruwan shayi. Ƙaramar kuma ta yi nata aikin bokon tsakanin 3 da 4 kafin su fita Islamiyya, da hasken rana, babu ruwanki da wuta.

Maman 'Yan Biyu, Rikkos:
Hajiya Kaka, Allah ya ƙara girma, maganar asuba gaskiya ce. Amma ta kafin Islamiyya ni ban goyi baya ba. Yaro ya fita tun 7 na safe, ya dawo ko takalmi bai gama cirewa ba a ce ya buɗe littafi, daga nan ya wuce wani ajin? Yaushe zai miƙe ƙafa? A gidana tsakanin magariba da isha'i muke yi, kafin a zuba abincin dare. Suna idar da sallah a kashe talabijin, ni ma in ajiye waya in zauna kusa ina tsintar shinkafa ko gyaran ganye. Na sami wani tsohon gwangwanin madara na zuba fensir, abin fiƙewa, kilina, rula da biro biyu, ba ya barin kan tebur. Fitilar caji kuma tun da rana nake cika ta, ba mai taɓa ta sai lokacin karatu. Wannan gwangwanin kaɗai ya kashe rabin yawon da suke yi.

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Ina ƙara jan hankali kan barcin. Likitocin barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. In za su tashi 5:30 don asuba, to 8:30 ya kamata a ce sun kwanta. Wanda ya kwanta sha ɗaya zai je aji yana gyangyaɗi, bai ji darasi ba, ya dawo aikin ya fi na jiya wuya. Kuma ki lura ko ƙaramar tana kai littafi dab da fuska ko tana yawan murza ido. In haka ne a kai ta a auna idon.

Ɗalibi a Jami'ar Jos:
Anti, ga abin da yake yi mini aiki. Ana ce masa Pomodoro, wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980. Za a saita agogo minti 25, a yi abu ɗaya tak, in ya buga a huta minti 5. Ga Sadiq zagaye uku sun ishe shi, ƙaramar a rage mata zuwa minti 15. Ya fara da darasin da ya fi tsoro tun kansa bai gaji ba, kwafar rubutu ta zo ƙarshe. In abin haddacewa ne, ya rufe littafin ya faɗa da ka, sannan ya buɗe ya duba, kamar yadda ake ba da hadda. Ya fi a yi ta maimaita karantawa ido na bin layi. Abu ɗaya nake roƙo, kada a miƙa masa waya ya tambayi ChatGPT. Amsar za ta fito, amma shi bai koyi komai ba.

Baban Ummi, Farin Gada:
Batun malamin lesin, ni ina ganin maigida yana da gaskiyarsa, sai dai a san aikin da za a ɗauke shi. Wasunsu zuwa suke su yi wa yara asaimen ɗin su karɓi kuɗin wata. In za a ɗauka, ya zo Asabar ya gyara inda yaron yake da rauni, aikin gida kuma yaro ya yi abinsa. Sannan ki tuna yawancin Islamiyyu ba a zuwa Alhamis da Juma'a, kuma ranar Juma'a boko da wuri ake tashi. Duk aikin da aka ba da kwanaki kafin a karɓa, irin su zanen taswira da firojet, a tura shi waɗannan yammacin.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na yi yadda ka ce. Tambayar LCM ce, wato neman lamba mafi ƙanƙanta da lambobin da aka bayar duk suke raba ta daidai, yana zuwa sau 7 da sau 8 sai ya tsaya yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. Ƙaramar kuma zan gwada mata bayan magariba tukuna. Abin da ya rage mini, in na yi wa makaranta magana kan yawan aikin, ba za a tsangwami yaran ba?

Malamin lissafi:
To kin ga matsalar, Hajiya. Jadawalin sau ne bai zauna ba, kuma LCM da HCF (lamba mafi girma da ke raba lambobin da aka bayar daidai) da lissafin kaso duk a kansa suke tsaye. Kullum a hanyar makaranta ko lokacin karin kumallo ki riƙa jefa masa tambaya a gauraye, 7 sau 8, 6 sau 9, ba a jere ba.

Batun makaranta, kada ki fara da ofishin shugaba. Ki sami malamin ajinsu ku gaisa, ki nuna masa ayyukan dare ɗaya gaba ɗaya a buɗe. A sakandare kowane darasi da malaminsa, na Turanci bai san na kimiyya ya ba da nasa a ranar ba, malamin aji ne zai iya haɗa su su raba ranaku. In bai canza ba, ki nemi iyaye biyu ko uku na ajin ku tayar da maganar tare a taron PTA, ta zama ta aji ce ba ta ɗanki shi kaɗai ba.