Hotunan RAW suna fito min dishi-dishi, ina mafita?

Sabuwar Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na koma ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, amma hotunan ba su kai na JPEG fitowa garau ba. Kyamarar ce ta samu matsala?

Baban Situdiyo: Wa alaikumus salam 'yata. Lafiyar kyamararki ƙalau. Kowane ɗigo a kan sensa, wato ɓangaren da ke kama haske a cikin kyamara, launi ɗaya yake gani, ja ko kore ko shuɗi, tsarin Bryce Bayer na kamfanin Kodak ke nan tun 1976. Ragowar launuka biyun ƙiyasta su ake yi daga ɗigon da ke kusa, a nan gefen abubuwa ke yin laushi. Kyamarori da yawa kuma suna da siririn gilashi a gaban sensa da ke ɗan dusashe hoto da gangan, don kada shadda mai ƙananan zane ta fito da wasu layuka kala-kala. JPEG tun a cikin kyamara ake ƙara masa kaifi, RAW kuwa ke aka bar wa aikin.

Mai Hoton Biki: Gaskiya ne Baba. Ƙanwata, ki nemi manhajar gyaran hoto ta Lightroom. A wurin ƙara kaifi (Sharpening), ki bar Amount, wato yawan kaifin, a 40 ɗin da yake zuwa da shi, ki danne maɓallin Alt a kibod ki ja Masking. Allon zai koma baƙi da fari, inda ya yi fari kaɗai kaifin zai taɓa. Ki ja har fuskar amarya ta yi baƙi, ya rage gashin ido da aikin zaren da ke jikin gyale. Babu amaryar da ke son a fito mata da ƙurajen fuska.

Anti Mai Leshi: Ni da waya nake ɗaukar kayan sayarwa, manhajar Snapseed ta ishe ni, wurin Details. Kaɗan nake sawa.

Baban Situdiyo: Kaɗan ɗin shi ne daidai, Hajiya. Ƙara kaifi ba ya ƙirƙiro abin da kyamara ba ta kama ba. Yana ƙara wa gefe mai haske haske, mai duhu duhu. In an zarce, sai farin layi ya zagaye hula da kafaɗa. Hoton da hannu ya girgiza ko saiti ya kuskure, wannan ba ya gyara shi.

Mai Hoton Biki: Kuma sai kin gama rage girman hoton za ki ƙara kaifi na ƙarshe, ki buɗe shi kashi 100 ki duba. Na bugawa a takarda ya fi na WhatsApp buƙata.

Sabuwar Ɗaliba: Na gode Baba, na gode Yaya. Bari in gwada Masking ɗin a hoton sunan jiya.