Bayan tiyatar rage ƙiba: wa ya taɓa komawa asibiti cikin gaggawa?

Maman 'yan biyu, Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Masar aka yi min aikin rage tumbi, wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari. Na dawo Kano ana tsakiyar zafin Afrilu, ruwa ma sai kurɓi-kurɓi, lita ɗaya da rabi da aka ce in sha kullum ta gagare ni. Ga jiri, fitsari ya yi ja, ƙarshe sai da aka kwantar da ni aka yi min ƙarin ruwa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Baban yara, Rijiyar Zaki: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maiɗakina ce, a satin farko da dawowarmu daga Indiya. Zazzaɓi, ciwo a kafaɗar hagu, zuciya na bugawa sama da 120 a minti. Da farko maleriya aka yi zato, kin san Kano. Sai da na miƙa rahoton aikin, likitan tiyata ya karanta ya sa aka yi sikanin, ashe ɗinkin ne ke yoyo. Wallahi na ga tashin hankali. Duk wanda zai dawo daga waje, kada ya baro asibiti ba da takardunsa ba, da lambar likitan da ya yi aikin.

'Yar Fagge: Ni tsakuwar matsarmama ce, bayan wasu watanni. An ce saurin ramewa ke jawo ta. An cire, alhamdulillah.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni: Yayata aka yi wa aikin karkatar da hanji, wani nau'in tiyatar rage ƙiba. Ciwon baya ya dame ta, wani mai kemis ya ba ta diclofenac, bai tambayi komai ba. Gyambon ciki ya biyo baya, bayan gida ya koma baƙi, har jini aka ƙara mata. Abin yana min ciwo har yau. Ibuprofen ma haka yake. Sannan Hajiya, idan amai ya ƙi tsayawa, ki roƙi a ba ki bitamin B1 kafin a ɗaura ruwa mai suga, don ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Maman 'yan biyu, Hotoro: Na gode Anti. Aman bai tsaya gaba ɗaya ba, gobe da sassafe zan koma in sha Allah. Azumi fa, akwai wanda likitansa ya bari ya yi a shekarar farko?