Yayana ya kawo mani Nest daga Amurka, ko za ta yi aiki da AC da hita a gidanmu nan Katsina?

Abban_Khairat

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin wuta a taimaka mani. Yayana ya zo hutu daga Amurka ya kawo mani wata na'ura Nest, ya ce can ita ke kula da zafi da sanyin gidanshi gaba ɗaya, yana wurin aiki yana ƙarawa yana ragewa ta waya. To ni abu ukku nike so ta yi mani, AC ɗin falo, da hitar ruwa ta bayi wadda yara ke kunnawa su manta har dare mita na ta shan yunit, sai ɗakin Hajiya wanda shi ya fi damuna ma, dan da hunturu ya kama ƙafafunta ba su barinta barci gab da asuba, kuma ba ta yarda ta kwanta sai da kaskon garwashi cikin ɗaki. Bayan na'urar akwai ramukan waya masu harufa Rh, C, W1, Y1, G. Yaron da ke mana wayarin ya ce in ba shi ya gwada sa layif a Rh, nutural a C. Ban ba shi ba tukun. Muna Kofar Kaura, akwai sola, inbata da batir biyu masu 200Ah. Mi ya kamata in yi?

Injiniya_Layout

Wa alaikumus salam. Malam Abban Khairat kada ka ba shi, wallahi yana jonawa za ta ƙone nan take, wataƙila ma da tartsatsi a hannunshi. Waɗannan harufan na tsarin Amurka ne kuma bolt 24 kacal ke bi ta cikinsu, akwai ƙaramar tiransifoma a jikin injin ɗumama gidansu ita ke ba da wannan 24 ɗin. R ita ce mai kawo wutar, C mai maida ta, W ta kira zafi, Y ta kira kwamfiresa, G fanka. Ita Nest ba ta ɗaukar nauyin komi, umarni kawai take ba babban injin da ke hura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki. Mu kuwa 230 ke cikin bangonmu, kuma ba mu da wannan injin.

AC ɗinka sifilit tana da nata ma'aunin zafi a ciki kuma rimot kaɗai take ji, babu inda za ka soka waɗannan wayoyin. Abin da ke yi mata shi ne 'yar na'urar da ke kwaikwayon rimot, irin Broadlink RM4 ko Sensibo ko masu aiki da manhajar Tuya, ka aje ta inda take kallon AC, ka haɗa ta da WiFi na 2.4GHz dan yawancinsu ba su ganin 5GHz, shi ke nan ba fasa bango ba yanke waya. Kada a ce maka a sa wa AC filogi mai WiFi a riƙa yanke mata wuta ana maidawa, kwamfiresa na son hutun kamar minti 3 kafin ta sake tashi, yawan katse ta haka na rage mata kwana.

Hitar ruwa ita ce inda za ka ga riba. Duba lambar da ke jikinta, in 1500W ce tana jan amp 6.5, in 2000W kusan amp 9, in 3000W amp 13. Ƙananan suwic masu WiFi da ake sayarwa da araha yawanci 10A aka rubuta masu, kuma na fitila ne, ka ɗora masu hita awa da awa sai bakin wayar ya yi zafi ya narke roba. Nemi wanda aka yi dan hita mai 20A, ko kuma a sa kontakta, wato babban suwic mai ɗaukar wuta mai nauyi, ƙaramin suwic ya riƙa kunna kontakta ita kuma ta ɗauki nauyin. Waya kada ta gaza 2.5mm, da at mai kyau, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, da bireka mai tsinkewa in wuta ta zubo, ta 30mA, tunda wurin wanka ne. Tamostat ɗin da ke cikin hitar a bar shi inda yake wajen digiri 60, da bawul ɗin da ke sakin ruwa in ya matsu, kada wanda ya taɓa su. Kai lokacin kunnawa da kashewa kawai za ka sarrafa.

Bakatsine_a_Leeds

Injiniya ya gama magana. In ƙara da abin da na sani nan Ingila, ko nan ma Nest ta Amurka ba ta hawa gidajenmu kai tsaye. Nan boila ce mai gas ke dafa ruwa tana tura shi cikin radiyeta na kowane ɗaki, shi ya sa wadda aka sayar nan take zuwa da wani akwati daban, Heat Link, shi ake jonawa da 230 kusa da boila, ita kuma Nest ɗin tana magana da shi ba waya. Kuma shi ma akwatin cewa boila kawai yake ta tashi ko ta tsaya, ba a yi shi dan ya ɗauki hita ba, to ko irin ta nan aka kawo maka ba za ta biya buƙata ba.

Sannan ka tambayi yaya sabuwa ce ko wadda ya cire daga bangonshi ce. Google ta sayi kamfanin tun 2014, kuma a Oktoban 2025 ta daina tallafa ma ƙirar farko da ta biyu, wato ta 2011 da ta 2012, suna aiki da hannu amma ba su hawa manhaja. In sabuwa ce gara ya koma da ita ya saida, kuɗin su sayi duk abin da Injiniya ya lissafo har da canji.

Maman_Ihsan

Ni dai ɗan'uwa maganar garwashin nan ce ta tsaya mani, duk sauran za su iya jira. Aikin jinya nike, kuma lokacin sanyi ne ake kawo mana irin wannan, an rufe ƙofa an toshe taga an kwana da kasko, da safe ciwon kai da jiri da amai, wani ma sai dai a ɗauko shi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ko garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi tana nan tana fita, mutane na ɗauka in hayaƙi ya ƙare an tsira, ba haka ba ne. Tsofaffi da jarirai ta fi saurin kayarwa. Ka lallashi Hajiya da girmamawa, ba za ta bari ba sai ka kawo mata abin da ya maye gurbinshi a daren farko, in ba haka ba kana fita za ta sa jika ya ɗebo mata wuta.

Hukumar lafiya ta duniya digiri 18 ta ce kada ɗaki ya gaza lokacin sanyi, ga tsoho mai ciwo a ɗan ɗara. A toshe kafofin taga da ƙasan ƙofa bayan an fidda kaskon, safa mai kauri, da robar ruwan zafi a naɗe da zane a sa wajen ƙafa.

Injiniya_Layout

Gaskiya ne Hajiya Maman Ihsan, Allah shi saka. Ga ɗakin, hitar lantarki mai mai a rufe cikinta ta fi, wadda ba ta da jan ƙarfe a fili ba ta hura iska, kuma tana da tamostat nata. Mai fanka da mai jan ƙarfe ban yarda a sa masu abin kunnawa daga nesa ba sam, kana kasuwa ba ka san an rataya zane ko sallaya a kai ba. In kana son ka riƙa ganin zafin ɗakin ta waya akwai suwic mai WiFi, Sonoff TH mai 16A ko 20A da ake soka ma ma'aunin zafi, ka ce ta kunna a 19 ta kashe a 22.

Amma kada ta hau inbata. Batir biyu na 200Ah duka-duka yunit 4.8 ne, rabi ake so ka ci in na ruwa ne, to hita 2000W awa ɗaya da 'yan mintuna ta shanye su, ku kwana a duhu batir kuma ya fara mutuwa. Hita biyun nan su zauna layin wutar gari. Abin da inbata ke iya riƙewa har safe shi ne bargo mai lantarki, bai cika wuce 100W ba, a ɗumama gado da shi kafin ta kwanta, in akwai ciwon suga da ya kashe mata jin ƙafa a kashe shi kafin ta hau.

Dan_Daura_Sola

Ni kau ina da ja kaɗan kan suwic mai WiFi ɗin nan na hitar ruwa. Ina sa ma mutane sola tsakanin Daura da Mai'adua da Sandamu kuma abin da nike gani, wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi sai allon ciki ya mutu, ko kuma rauta ba ta kan inbata, ko data ta ƙare, wasu in an ɗauke wuta aka maido ba intanet ba su san ƙarfe nawa ba, tsarin da ka yi masu ya tashi a banza. In matsalar mantuwar yara ce kawai, taima ta dijital mai ɗan batir a ciki da kontakta ta ishe ka, ƙarfe 5 ta kunna 6 ta kashe, ba ruwanta da netwok. Wanda ya nace sai na waya to ya sa abin kare hawan wuta a babban akwati, ya maida rauta kan inbata, ya kuma shiga saitin ya zaɓi in wuta ta dawo suwic ya zauna a kashe. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, rukunin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane suka fara lissafin hita, awa biyar na mantuwa da 2000W ai kuɗi ne ko da tamostat na yankewa.

Abban_Khairat

Na gode ƙwarai Allah shi bar zumunci. Nest za ta koma da yaya. Maman Ihsan yau ɗin nan zan zauna da Hajiya in sha Allah, zan sa ƙanwarta baki dan ta fi jin maganarta. Hitar bayi 1500W ce, na fi son mai WiFi saboda ina yawan zuwa Kano. Injiniya an ce sai da nutural, ya zan gane akwai shi a suwic ɗin bango?

Injiniya_Layout

In suwic ɗin hita ne na asali mai 'yar jar fitila, kusan kullum akwai, dan layif da nutural duka yake yankewa. Yaron ya kashe bireka ya kashe inbata, ya gwada da mita ya tabbatar ba wuta sannan ya kwance. In ya ga waya huɗu ban da at, biyu masu shigowa biyu masu tafiya hita, an dace. Tsohon wayarin ja ne layif baƙi nutural, sabo ruwan ƙasa ne layif shuɗi nutural, amma ya gwada kada ya dogara da kala dan gidaje da yawa abin da ya samu aka ja. In biyu kawai ya gani sai an jawo nutural, kuma kada ya ara daga at ko daga layin inbata. Ya duba zurfin akwatin bangon ma kafin ka saya, mai WiFi ya fi na da kauri ta baya, ƙasa da 35mm da wuya ya shiga.