Yaushe ya fi dacewa in sayi kwale-kwale na hannu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar ruwa ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Shekara biyu ina tara kuɗi don in sayi kwale-kwale na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi, mai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, in riƙa dakon albasa da shinkafa zuwa kasuwar Yawuri. Kawuna ya ce in bari sai bazara, lokacin ruwa ya ja baya, masu jirage sun matsu da kuɗin taki, farashi ya sauka, kuma ana iya kife jirgin a gaɓa a duba gindinsa. Amma wanda na je na gani bara ya daɗe a tudu, katakon ya bushe har ina zura wuƙa ta tsagar. Mai shi ya rantse in ya kwana uku a ruwa zai haɗe. Ban yarda ba, na juyo.

Da kaka kuwa jirgi na cikin ruwa, in yana yoyo zan gani da idona, sai dai kowa na samun lodi, ba mai sayarwa da araha.

To wanne zan bi? Injin kuma, tare zan saya ko daban? Kuɗin dai sai zagwanyewa suke a hannuna.